Surukata Mai Bokiti

Shekara ashirin da shida surukata ta yi tana goge ƙasa a sashen masu taɓin hankali na babban asibiti, ni kuwa shekara biyun farko na aurena na ƙarar da su wajen ɓoye wannan magana. In ƙawayena suka tambaye ni aikinta sai in ce, "A asibiti take," in ja bakina in tsuke, in bar su su ɗinka mata farar riga da kansu. Ni tela ce, na san yadda ake tura ɗinkin da ba a so a gani ta ciki. A unguwa kuwa ba mai wannan wahalar. Inna Mai Bokiti ake ce mata, babba da yaro, kuma tana amsawa. Ba don matar nan ba, da ɗana a ɗakin wata ya tashi, ni kuma in zama mai zuwa dubiya. Shi ya sa nake son in ba da labarinta, ko da yake in ta ji na rubuta sai ta ce ban da aikin yi.

Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, hannunta ya yi kaushi saboda ruwa da sabulu. Warin maganin wanke ƙasa ba ya rabuwa da ita ko ta yi wanka sau uku. Magana ba ta dame ta ba. Sai ka kwashe minti goma kana zuba mata labari, ta saurare ka tsaf, ta ce, "To," ta tashi ta ɗauki tsintsiya. Ni da Allah ya hore wa baki, wannan "To" ɗin ta sha ƙona mini rai.

Ba sha'awa ce ta kai ta aikin ba. Mijinta ne ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, autan, wanda shi ne maigidana yanzu, yana goye a bayanta. Ta je asibiti neman aikin shara tare da wasu mata bakwai. Aka ce musu gurabe sun cike, saura guda ɗaya a ginin baya, mai ƙarafa a taga. Matan suka dubi juna, suka sulale da ɗai-ɗai. Inna ta tambaya ko ƙasar can daban take da ta sauran ɗakuna. Aka ce mata a'a, duk siminti ne. Ta ce to a ba ta bokiti.

Abin da na sani game da shekarun nan daga baya na tsinto shi, kaɗan-kaɗan, don Inna ba ta ba da labari sai an yi ta janta. A satinta na farko wata mara lafiya ta kifar mata da bokiti a jiki, ta ce guba aka zuba a ruwan. Inna ta yi abin da kowa zai yi, ta rantse mata cewa ruwa ne da sabulu. Matar ta ƙara birkicewa. Washegari sai ta gwada ɗaya hanyar, ta ce, "Gaskiyarki, guba ce, bari in zubar." Matar ta lafa, Inna ta ga ai ta yi dabara. Bayan wata biyu matar ta warke. Ranar tafiya gida ta bi nas-nas ɗaya bayan ɗaya tana godiya, da ta zo kan Inna sai ta tsaya.

"Ke ce kika ce mini guba ce," in ji ta. "Kwana goma na yi ina tsoron sauko da ƙafata daga gado saboda maganarki."

Inna ta ce ranar ko abinci ba ta iya ci ba. Daga nan ta yanke wa kanta doka biyu: ba ta gardama da mara lafiya a kan abin da yake ji ko yake gani, kuma ba ta yi masa ƙarya. Dalilinta gajere ne. Za su warke, kuma in sun warke suna tuna wanda ya yaudare su.

Sauran karatun a ƙarƙashin gado ta yi shi. Kowace Talata babban likita yana zagaye da ɗalibansa, ita kuwa tana durƙushe da tsumma, ba wanda ya san da ita. Shekara da shekaru tana jin tambayoyi iri ɗaya. Yana jin muryoyin da ba wanda ke ji? Yana ganin abin da babu? Ya kafe a kan wani abu da ba haka yake ba? Maganarsa tana tsalle daga nan zuwa can? Kwana nawa rabonsa da barci, akwai mai irin wannan a dangi, yana shan wani abu? Ta ce har ta kai tana jin ɗalibi yana kame-kame alhali amsar tana bakinta, sai dai ta matse tsummanta ta yi gaba. Ta ga wanda ƙwaya ta birkita, ta ga tsohon da ciwo mai zafi ya rikita, ta ga wanda ya bugu a kai a haɗarin mota, ta ga waɗanda har aka sallame su ba a gano mafarin abin ba. Kalmar da mutane ke jifan su da ita kuwa ba ta taɓa fita daga bakinta ba. Ita "zazzaɓin kai" take cewa. In jiki yana zazzaɓi ya sauka, ba ta ga dalilin da zai sa a ce kai ba ya yi ba.

Yanzu sai in faɗi nawa laifin, tunda na ɗauko. Lokacin da cikina ya tsufa, wata ƙawata mai ilimin da ba a san inda ta samo shi ba ta ce mini irin wannan ciwo yana bin tufafi. Na sa maigidana a gaba, na ce ya gaya wa mahaifiyarsa in za ta zo gidanmu ta fara yin wanka ta canza kaya, in da hali ma ta rage zuwa har in sauka. Ya yi ta nuƙu-nuƙu, daga ƙarshe ya faɗa mata. Na tambaye shi me ta ce. Ya ce ta ce, "To." Ranar da na haihu ta zo cikin sababbin kaya, ta tsaya daga bakin ƙofa, ta leƙa fuskar jikanta ta yi masa addu'a, ta juya. Ban ce mata ta shigo ba.

Kwana huɗu da haihuwa na tashi ina jin wani irin ƙarfi da ban taɓa ji ba. Barci ya ɗauke mini gaba ɗaya, kuma ban yi kewarsa ba. Na jawo keken ɗinkina kusa da gadon jaririn na hau ɗinka masa huluna. Masu zuwa barka suna ta yabo, suna cewa wannan mai jego akwai himma. Ni kuma ina ta zuba, in fara maganar zare in faɗa ta kuɗin makaranta in ɓulla ta wani mafarki, suna dariya suna cewa daɗin haihuwa ne. Maigidana direban babbar mota ne, ya tafi kai kaya, don haka ba wanda ya lura cewa ba na kwanciya.

A rana ta shida keken ya fara magana. Duk wanda ya san keken ƙafa ya san ƙararsa, amma ni ranar kalma na ji ƙarara: taka, taka, taka. Sai wata murya ta biyo baya, muryar mace, a natse, daga bayan kunnena na hagu. Ta ce, "In kika tsaya, ya tsaya." Na dubi ƙirjin yaron, na ga yana ɗagawa yana sauka daidai da allura. Shi ke nan na gane. Ina so a fahimci wannan, don shi ne mutane ba sa ganewa: ba zato nake yi ba, ba tsoro kawai ba ne. Sani na yi, irin sanin da na yi wa sunana, cewa numfashin ɗana a ƙafata yake.

Washegari da safe maigidana ya dawo ya tarar da ni ina taka keke ba zare, ba ƙyalle. Huluna sun fi talatin a ƙasa, ƙafafuna sun kumbura sun yi suntum. Ya lallashe ni, ya yi faɗa, ya rantse mini yaro lafiyarsa ƙalau. Da ya ga ba na ji sai ya yi tunanin direba: in mota ta ƙi tsayawa, a kashe inji. Ya sunkuya ya zare bel ɗin keken. A idonsa hutu ya ba ni. A nawa idon, wuyan ɗana ya shaƙe. Na gantsara masa cizo a hannu, har yau tabon yana nan, sannan na kama wilin keken na sama ina juyawa da hannu ina kuka.

Kafin hantsi gida ya cika. Yayarsa, wadda duk muke kira Yaya, ta ɗauke yaron ta kai shi wani ɗaki, abin da ya ƙara tabbatar mini cewa ya mutu suna ɓoyewa. Maƙwabta kowa da nasa. Wannan ta ce iska ce, waccan ta ce baki ne ya kama ni, wani ya ce a samo igiya. A cikin wannan hayaniya ne maigidana ya tuna cewa yana da uwa.

Daga wurin aiki ta taho, cikin koriyar rigarta ta shara, ba wanka ba canjin kaya. Ta sallami kowa ba tare da ta ɗaga murya ba. Ta ce wa ɗanta, "Direba, mayar da abin da ka cire." Ta ce wa Yaya ta dawo da yaron ta zauna da shi a bakin ƙofa, inda zan gan shi amma hannuna ba zai kai ba. Ta bar ƙofar a buɗe. Sannan ta zauna a ƙasa dirshan, gefe da ni, kanta bai kai ƙirjina ba. Na ci gaba da takawa.

"'Yar nan, sannu da aiki," in ji ta. "Me ake ɗinkawa?"

"Ba ɗinki nake ba, Inna. Numfashinsa nake riƙewa."

"Wa ya gaya miki?"

"Ba ki ji ba? Ga ta nan tana faɗa."

Ta karkata kai ta saurara, sauraro na gaske, ba na a-rabu-da-ita ba.

"Ni ban ji ba," ta ce. "Ƙarar keke kawai nake ji. Amma na ga ke kina ji, kuma na ga abin ya tsorata ki."

Tun da abin ya fara, ita ce mutum ta farko da ba ta ce mini ƙarya nake ba, ba ta kuma ce mini gaskiya ne ba. Amma bakina bai mutu ba ko a lokacin.

"Ke ma gani kike na zama irin mutanenki," na ce.

"Gani nake kwana uku ba ki rintsa ba, ga ciwon haihuwa bai sake ki ba. Kanki ne ya yi zazzaɓi. Na ga irinsa a masu jego, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Da ƙafarsu suka koma gida wurin 'ya'yansu. Ina so mu je likita ta duba ki yau, ba gobe ba."

"In na tashi zai mutu."

"Ban yarda keke ne ke riƙe da shi ba, kuma ba zan ce miki na yarda ba. Allah ne ke riƙe da shi. Amma na ga ba za ki iya tashi ki bar keken a tsaye ba. To ga alkawari: keken nan ba zai tsaya ba sai ranar da ke da bakinki kika ce a tsaya."

Ta ce in matsa mata ta gwada. Inna ba ta taɓa hawa keken ɗinki ba. Tana ɗora ƙafa ya koma da baya, ya yi wata irin ƙara, na ƙwala ihu na karɓe. Ko a jikinta. Ta waiga ta ce, "Direba, zo nan, wannan aikinku ne na masu taka abu." Ya zauna kusa da ni da hannunsa mai jini, ya sa ƙafarsa gefen tawa, muka taka tare har ya kama tafiyar. Na zare ƙafata a hankali, idona a kan ƙirjin yaron. Ƙirjin ya ci gaba da ɗagawa. Haka na bar gidan, hannuna cikin na Inna, ƙaton direban babbar mota yana zaune yana taka keke ba zare, hawaye na zuba a gemunsa.

Likitar da ta karɓe mu matashiya ce, tana cikin ɗaliban da Inna ta taɓa goge ƙasa a gefen takalminsu. Kafin ta buɗe baki Inna ta jero mata komai: kwana bakwai da haihuwa, kwana uku ba barci, tana jin murya ɗaya ta mace, ta kafe cewa ran yaron a keke yake, maganarta na tsalle, ba ta shan komai, dangi kuma ba a sani ba tukuna. Likitar ta ajiye biro ta dube ta. Ta ce, "Inna, ashe duk Talatar nan kina ji." Inna ta ce ai kunne ba ya riƙe tsumma. Na ƙi allura sai da ta buga wa ɗanta waya ta kara mini a kunne na ji keken yana tafiya. Na yi barcin da ya kusa kwana ɗaya cur.

Alkawarin nan ya ba su wahala a gida, kuma Inna ba ta sassauta musu ba. Bayan awa huɗu ƙafar maigidana ta sage. Ya buga mata waya ya ce ai tunda na yi barci ba zan sani ba. Ta ce masa ni ba zan sani ba, amma ita za ta sani, kuma gobe da safe zan tambaye ta. Sai ya je ya samo ƙaramin injin lantarki na keke ya ɗaura, ya ce an dai ce keke ba zai tsaya ba, ba a ce sai da ƙafa ba. In wuta ta ɗauke, shi da Yaya su karɓi juna. Likita ta ce wannan dabara ba ta cikin littafinsu, magani ne zai yi aikin. Inna ta ce ta sani, ita keken don in yarda in haɗiye maganin ne.

Kowace safiya in ta shigo da bokitinta sai ta tsaya a gefen gadona ta ce, "A tsaya?" In ce a'a. Ta ce, "To," ta nemi izini ta goge ƙarƙashin gado, don ko gadon wa ne sai ta nemi izini. A hankali muryar ta fara ja da baya. Da farko kamar daga ɗaki na gaba, daga baya kamar rediyon maƙwabta. A rana ta shida na ce, "Inna, ki ce su tsaya. Amma ki riƙe ni." Ta goge hannunta a riga, ta riƙe nawa, ta buga waya ta sa a kunnena. Na ji keken yana tafiya, na ji ya rage gudu, na ji ya yi shiru. Ban san tsawon shirun nan ba. Sai can na ji ihun yaro, mai ƙarfi, na jin haushi, ashe Yaya ce take yi masa wanka. Na yi kuka har matar gado na kusa ta taso tana ba ni haƙuri ba tare da ta san dalili ba.

Sati biyar na yi a ginin baya mai ƙarafa a taga. A nan na ga wace ce matar da nake jin kunyar aikinta. Ta san wanda bai ci abinci ba, ta san wadda ke ɓoye magani a ƙarƙashin filo, ta san wanda danginsa suka daina zuwa. Tana da wani ma'auni nata da ba ya cikin takardar likita: takalma. Ta ce mutum in abin yana kansa, takalminsa ɗaya a gabas ɗaya a yamma. Ranar da ta zo ta tarar ya jera su a gefen gado, to ya kama hanyar dawowa. Ni sai a sati na uku na jera nawa, ban ma san na yi ba, sai da na ji tana gaya wa ɗanta a baranda.

Likita ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce bayan haihuwa jikin mace yana sauyawa da sauri, in aka haɗa da rashin barci, wasu kansu ba ya ɗauka, musamman in akwai abin a jini. Ba laifina ba ne, ba raunin imani ba ne, ba kuma ɗaukarsa ake yi ba. Da gwaggona ta zo dubiya, sai ta sunkuyar da kai ta ce mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, ta yi irin wannan bayan ta haife ni. Wata biyu aka rufe ta a ɗaki, aka kuma rufe maganar. Ranar na jira Inna ta shigo, na ce mata ta yafe mini zancen wanka da canjin kaya. Ta ce, "'Yar nan, da ana ɗauka ai da ni ce shugabarsu a nan." Ta ɗaga ƙafafuna ta goge wurin.

Na ɗauka sallama daga asibiti ita ce ƙarshen wahala, ashe da saura. Na dawo gida na tarar an kwashe wuƙaƙe, an ɓoye almakashina, an lulluɓe keke da zane. Yaron ya saba da Yaya. Ba zan zage ta ba, don ita ta yi ta fama da shi sati biyar, kuma son gaskiya take yi masa. Amma in na ɗauke shi sai ta tsaya a kaina, hannunta a buɗe, kamar mai jiran kwano ya suɓuce. Ba a jima ba maganar ta fito fili: a bar mata shi a gidanta har ya yi wayo, ni in riƙa zuwa ina ganinsa. Dangi suka ce shawara ce mai kyau. Maigidana kuwa sai duban tabon hannunsa yake. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ni kaina ban tabbata ba su da gaskiya ba. Tsoron hannuna nake ji.

Inna ba ta yi gardama da kowa ba. A lokacin ta ajiye aiki, gwiwa ta fara damunta, sai ta ɗauko jakarta ta tare a gidanmu. Ta ce ita za ta riƙa kwana da yaron don in samu barci, tunda likita ta ce barci rabin maganina ne. Da rana kuwa komai ni take sawa. In yi masa wanka tana zaune tana tsintar shinkafa, in goya shi tana wanke-wanke. Kullum tana ƙara nisa da taki ɗaya, daga gefen tabarma zuwa bakin ƙofa, daga bakin ƙofa zuwa tsakar gida. Ta raka ni wurin likita sau uku, ta kuma sa aka maimaita a gaban ɗanta cewa ina samun sauƙi yadda ake so. Duk da haka dangi suka tsayar da rana, Yaya za ta zo ta tafi da shi.

Ranar ta zo da hantsi, da jakar da za ta zuba kayansa. Ina zaune a bakin gado, yaron yana kwance, na kasa ko ɗaga kai. Inna ta fito daga ɗaki da mayafinta a kafaɗa. Ta sa hannu a saman kwaba ta ɗauko almakashina, ta ajiye a kan keke.

"Rigarsa ta matse shi a wuya," ta ce mini. "Ki buɗa masa." Sannan ta juya wurin 'yarta. "Ke kuma ajiye jakar nan ki raka ni kasuwa."

"Inna, wa zai zauna da su?" in ji Yaya.

"Da su wa? Uwa ce da ɗanta."

"In wani abu ya faru fa?"

"Sati bakwai ina kallonta. Ke kin san aikina, kin san da shi na ciyar da ku. In kin taɓa jin na yi wa wani ƙarya a kan mara lafiya, ki ɗauki yaron ki tafi."

Ni ce ma na kama gefen mayafin Inna.

"Inna, ni kaɗai? In abin ya dawo fa?"

"Kin yi barci jiya?"

"Na yi."

"Kin sha maganinki?"

"Na sha."

"Kina jin wata murya ban da tawa?"

"A'a."

"To ba ya faɗowa daga sama rana ɗaya, sai ya yi sallama. Yanzu kin san fuskarsa, ke za ki riga kowa ganewa, in kin gani ki faɗa mu koma wurin likita. Sake mini mayafi, rana tana yi."

Suka fita. Gidan ya yi tsit. Na daɗe a zaune ina kallon yaron yana wasa da ƙafarsa. Can wata zuciya ta ce mini ai gwaji ne, suna nan laɓe a bayan ƙofa suna saurare, don ni ma da ni ce haka zan yi. Na tashi a hankali na buɗe ƙofar. Ba kowa. Na leƙa titi, sai na hango su can nesa, sun kusa shan kwana. Yaya tana ta waiwaye, taku uku ta waiga, taku uku ta waiga. Inna kuwa ta riƙe mata wuyan hannu, tana ɗingisa gwiwarta, tana tafiya. Ko sau ɗaya ba ta waiwayo ba, har kwanar ta ɓoye su.

Na gode wa mutane da yawa a rayuwata saboda sun tsaya a kaina. Ita kaɗai ce nake gode wa, har gobe, saboda ta juya baya ta tafi ta bar ni. Na rufe ƙofa, na koma ciki na ɗauki ɗana.